Ƙuri'a da Sa-ido: Hanyoyi Biyu na Tantance Amfanin Magani

Duk lokacin da aka ce magani kaza yana warkar da cuta kaza, ko kuma ɗabi'a kaza tana haddasa ta, ana kwatanta abubuwa biyu ne, wato abin da ya sami mutum bayan ya sha maganin da abin da zai same shi da bai sha ba, kuma matsalar da ilimin likitanci ya daɗe yana fama da ita ita ce ɗaya kaɗai daga cikin biyun ake iya gani da ido. Majinyacin da aka ba magani ya miƙe ba za a iya mayar da shi ranar da ya kwanta, a hana shi maganin, a ga yadda za ta kaya ba. Saboda haka dole a nemo wasu mutane da ba su sha ba, a sa su tsaya a madadinsa, kuma ingancin sakamakon ya danganta ne ga yadda waɗannan suka yi daidai da waɗancan ta kowace fuska in ban da maganin.

Masu binciken lafiya suna da manyan hanyoyi biyu na samo irin waɗannan mutane. Ta farko ita ce binciken sa-ido, inda mai bincike ba ya ba kowa komai kuma ba ya hana kowa komai, sai dai ya rubuta abin da mutane suka zaɓa da kansu ko likitocinsu suka zaɓa musu, ya kuma ƙirga abin da ya biyo baya, ko ta hanyar bin diddigin wani rukuni shekara da shekaru, ko ta hanyar waiwaye, wato a tara waɗanda cuta ta kama da waɗanda ba ta kama ba, a binciki rayuwarsu ta baya. Ta biyu ita ce gwajin ƙuri'a, inda ake tara mutanen da suka amince, a bar ƙuri'a ta raba su gida biyu, a ba gida ɗaya maganin da ake gwadawa, a ba ɗaya gidan maganin da aka saba da shi ko ƙwayar da ba ta ƙunshi komai ba. Hujjar wannan lacca ita ce kafin a gaskata kowane sakamako, tambayar da ta kamata a fara yi ita ce wane ne ko mene ne ya raba mutanen nan gida biyu.

Manomin da yake da buhun taki ɗaya, ya zuba shi a ɓangaren gonarsa da ya fi laima domin a nan yake sa ran albarka, ya bar tudun da yashi ya yi wa yawa babu taki, idan kaka ta yi ya ga dawar wajen laimar ta ninka ta tudu, ba shi da hanyar sanin rabon taki da rabon ƙasa a cikin wannan bambanci, domin hannun da ya zuba takin shi ne ya zaɓi wurin. A gona ɗin aka fara warware wannan ƙulli. Masanin lissafi Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila cikin shekarun 1920, ya nuna cewa idan aka yanka gona ƙanana-ƙanana aka bar ƙuri'a ta zaɓi wadda za ta sami taki, to laima da yashi da duk wani bambancin ƙasa, wanda aka sani da wanda ba a sani ba, za su rarrabu tsakanin ɓangarorin biyu ba tare da son kai ba, abin da ya rage na rashin daidaito kuma ana iya auna girmansa da lissafi.

Austin Bradford Hill ne ya taimaka wajen shigo da wannan dabara cikin asibiti, a gwajin maganin tarin fuka mai suna streptomycin da Majalisar Binciken Likitanci ta Birtaniya ta wallafa a 1948. Maganin ya yi ƙaranci a lokacin, ba zai ishi kowa ba, don haka aka ga babu zalunci a bar ƙuri'a ta raba. An shirya jerin lambobin ƙuri'a tun da farko, aka rufe hukuncin kowane majinyaci a cikin ambulan da aka manne bakinsa, ba a buɗewa sai an riga an karɓi majinyacin cikin gwajin, kuma a ofishin tsakiya ake buɗewa, ta yadda likitan da ke gaban gado ba shi da damar karkatar da wanda ya fi tausaya wa zuwa ga sabon magani. Cikin majinyata 55 da suka sami maganin tare da hutun kwanciya, 4 ne suka rasu a watanni shida na farko, cikin 52 da suka sami hutun kwanciya kaɗai kuwa 14 ne suka rasu. Wannan ambulan ya fi duk lissafin da ya biyo baya muhimmanci, domin shi ne ya cire hannun likita daga rabon.

Babu inda aka fi ganin abin da rashin wannan ambulan yake jawowa kamar a tarihin maganin homon da ake ba mata bayan sun daina haila. Homon sinadari ne da jiki ke sarrafawa yana aika shi ta jini domin daidaita aikin gaɓoɓi, kuma wanda ake kira istirojin yana raguwa sosai idan al'adar mace ta ɗauke. A 1976 aka fara bin diddigin ma'aikatan jinya mata sama da 120,000 a Amurka, ana aika musu takardar tambayoyi duk bayan shekara biyu, kuma rahotannin da suka fito daga wannan bincike a 1985 da 1991 sun nuna cewa matan da ke shan istirojin sun fi ƙarancin ciwon zuciya, har ragin ya kusa kai rabi. Binciken ba na wasa ba ne, domin masu shi ƙwararru ne na Jami'ar Harvard, matan kuma ma'aikatan lafiya ne da suka san sunan abin da suke sha, an kuma yi gyaran lissafi saboda shekaru da shan taba da ƙiba da hawan jini. Ban da haka akwai bayanin da hankali zai ɗauka, tunda an san maganin yana gyara ma'aunin kitsen da ke cikin jini. A kan wannan ne likitoci suka rubuta wa miliyoyin mata maganin, da yawa daga cikinsu domin kare zuciya.

Da aka zo gwajin ƙuri'a sai labari ya sha bamban. Na farko, wanda aka wallafa a 1998 a kan mata 2,763 da suka riga suka kamu da ciwon zuciya, bai nuna wata kariya ba. Na biyu, wanda ke cikin babban Shirin Lafiyar Mata na gwamnatin Amurka, ya ɗauki mata 16,608 'yan shekara 50 zuwa 79, aka ba rabinsu istirojin haɗe da wani homon mai suna furojestin, aka ba sauran ƙwayar da ba ta ƙunshi komai ba, kuma a watan Yulin 2002 aka sanar da dakatar da shi kafin wa'adinsa, bayan kimanin shekara biyar, saboda cutarwar ta rinjayi amfanin. Haɗarin ciwon zuciya ya ƙaru da kashi 29 cikin 100, na shanyewar ɓarin jiki da kashi 41, na sankarar mama da kashi 26. Yana da kyau a fassara waɗannan alƙaluma zuwa kawunan mutane, domin kaso shi kaɗai yana iya firgita mai sauraro fiye da kima: cikin kowace mata 10,000 da suka sha maganin shekara guda an sami ƙarin mata 7 masu ciwon zuciya, da 8 masu shanyewar ɓarin jiki, da 8 masu sankarar mama, an kuma sami ragin mata 5 masu karayar ƙugu da 6 masu sankarar hanji. Ga mace ɗaya haɗarin kaɗan ne, amma idan aka ninka shi da miliyoyin da ke sha domin kariyar da babu ita, asarar tana da girma.

Babban dalilin saɓanin shi ne abin da masana suke kira ɓoyayyen dalili, wato wani abu na uku da yake sa mutum ya sha magani, kuma shi da kansa yake shafar lafiyarsa. Matan da suka nemi homon a waɗancan shekarun galibi sun fi wadata da ilimi, sun fi motsa jiki da yawan ganin likita, likitoci kuma suna ɗari-ɗarin rubuta shi ga wadda ta riga ta raunana. Gyaran lissafi yana iya rage tasirin abin da aka auna, amma ba ya kaiwa ga abin da ba a auna ba, kuma Hausawa sun riga sun faɗa cewa kama da Wane ba Wane ba ce. Girman wannan matsala ya fito fili a wani gwajin magungunan rage kitsen jini da aka yi wa maza masu ciwon zuciya a Amurka, wanda aka wallafa wani nazarinsa a 1980. A cikin rukunin da aka ba ƙwayar da ba ta ƙunshi komai ba, waɗanda suka dage da shan ta a kan kari kimanin kashi 15 cikin 100 ne suka rasu a shekara biyar, waɗanda suka yi sakaci da ita kuwa kashi 28, kuma gyaran lissafin da aka yi a lokacin da abubuwa masu yawa da aka auna bai kawar da gibin ba. Ƙwayar ba ta da wani aiki a jiki, don haka abin da aka gani halin mutanen ne: wanda ke kiyaye shan magani ya bambanta da wanda ba ya kiyayewa ta hanyoyi da dama da takardar tambayoyi ba ta kamawa.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa ba duka laifin ne ya rataya a kan rashin ƙuri'a ba, kuma wannan ne ɓangaren tarihin da aka fi mantawa da shi. A 2008 Miguel Hernán da abokan aikinsa suka koma kan bayanan ma'aikatan jinyar nan, suka sake nazarinsu kamar gwaji ake tsarawa, wato suka ɗauki matan da suka fara shan maganin a wani ƙayyadadden lokaci, suka kwatanta su da waɗanda ba su fara ba, suka ƙirga duk abin da ya same su tun daga ranar farawa ko da sun daina daga baya. Da aka yi haka sai sakamakon ya matso kusa da na gwajin ƙuri'a, har aka ga alamar ƙarin haɗarin zuciya a shekaru biyun farko. Nazarin farko ya kwatanta matan da ake samu suna kan shan maganin ne da waɗanda ba su taɓa sha ba, ke nan wadda maganin ya cutar tun da wuri ta daina ko ta rasu ba ta cikin lissafin masu sha, waɗanda suka jure kaɗai aka ƙirga. Haka kuma yawancin ma'aikatan jinyar sun fara sha ne daf da ɗaukewar al'ada, alhali matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, saboda haka binciken biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba tun asali.

Ana yawan samun maganin da hankali ya yarda da shi, ido kuma ya ga kamar yana aiki, amma ƙuri'a ta tona asirinsa. An lura cewa wanda ya tsira daga bugun zuciya, idan zuciyarsa tana yawan tsallen bugu, ya fi fuskantar mutuwar fuju'a, kuma akwai magungunan da ke daidaita wannan bugu a kan na'ura. Da aka gwada biyu daga cikinsu a gwajin da aka dakatar a 1989, mutum 63 cikin 755 da suka sha suka rasu, alhali 26 ne cikin 743 da ba su sha ba. Misalin da ya fi kusa da asibitocin Afirka shi ne gwajin FEAST da aka yi a asibitoci shida na Yuganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini, fiye da rabinsu da maleriya. Koyarwar da aka ɗauko daga ƙasashe masu arziki ita ce a yi wa irin wannan yaro ƙarin ruwa mai yawa cikin gaggawa, kuma ma'aikatan da ke tsaye kan gadon suna ganin yaron yana farfaɗowa, tafin hannunsa yana ɗumama, bugun jininsa yana ƙarfi. Amma da aka ƙirga bayan awa 48, sama da kashi 10 cikin 100 na yaran da aka yi wa ƙarin ruwan gaggawa sun rasu, na waɗanda aka bari a kan ruwa a hankali kuwa kashi 7.3 ne, sai aka dakatar da gwajin a 2011. Babu likitan da zai iya hango bambancin yara uku cikin ɗari daga bakin gado, komai ƙwarewarsa da kyakkyawar niyyarsa.

Duk da haka kuskure ne babba a ɗauka cewa abin da ba a yi wa ƙuri'a ba ba a san shi ba, domin akwai tambayoyin da ɗa'a ta hana a yi musu ƙuri'a har abada. Ba wanda zai raba matasa gida biyu ya umarci rabi su sha taba shekara talatin. Abin da aka sani game da taba da sankarar huhu ta sa-ido aka san shi, kuma Hill ɗin da ya tsara ambulan shi ne ya yi aikin tare da Richard Doll. A binciken waiwaye da suka wallafa a 1950 daga asibitocin Landan, cikin maza 649 masu sankarar huhu 2 ne kawai ba sa shan taba, cikin 649 da ba su da ita kuwa 27 ne. Daga 1951 kuma suka fara bin diddigin likitocin Birtaniya kimanin 40,000, aikin da ya ɗauki shekara 50, ya kuma nuna cewa wanda ya dawwama a kan taba yana rasa kimanin shekara goma na rayuwarsa. Fisher ya yi jayayya da cewa wataƙila wani abu ne na gado yake sa mutum son taba kuma yake sa masa sankara, wato ya kafa hujja da ɓoyayyen dalili. Amsar da Jerome Cornfield da abokansa suka bayar a 1959 ita ce, tunda haɗarin mashaya ya ninka na waɗanda ba sa sha kimanin sau tara, duk wani ɓoyayyen dalili da zai bayyana wannan sai ya fi yawa a cikin mashaya da aƙalla ninki tara, kuma ba a san wani abu mai wannan girma ba. A nan ne bambancin taba da homon yake, domin ragin da bai kai rabi ba halin mutane yana iya haifar da shi, amma ninki tara, wanda ke ƙaruwa da yawan karan da ake sha yana kuma raguwa idan an daina, ya fi ƙarfin irin wannan bayani.

Illar magani da ba ta cika faruwa ba ita ma aikin sa-ido ce, domin gwajin da ya ɗauki mutum 5,000 da wuya ya ci karo da abin da ke samun mutum ɗaya cikin 50,000, kuma gwaje-gwaje sukan ware masu juna biyu da tsofaffi da masu cututtuka da yawa, waɗanda su ne za su sha maganin idan ya shiga kasuwa. Lurar likitoci biyu ce, William McBride a Ostareliya da Widukind Lenz a Jamus, ta gano a 1961 cewa maganin thalidomide da ake ba masu ciki ne yake sa a haifi jarirai da naƙasassun hannuwa da ƙafafu.

Ƙuri'a kuma ba ta wanke gwaji daga haƙƙin mutane, kuma jama'ar Kano sun san wannan a aikace. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Masana da dama sun lissafa wannan al'amari cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin allurar shan-inna a 2003. Gwaji ba ya halatta sai akwai shakka ta gaskiya tsakanin masana a kan wane magani ya fi, sai an yi wa mutum bayani da harshen da yake ji ya kuma amince ba tare da tilas ba, sai kuma akwai kwamiti mai zaman kansa da zai iya tsayar da aikin da zarar cutarwa ta bayyana, kamar yadda aka tsayar da gwajin homon da na ƙarin ruwa.

Aikin da aka yi a Nijar kan maganin azithromycin ya nuna yadda hanyoyin biyu suke miƙa wa juna aiki. An fara lura ne a Habasha, inda ake raba maganin saboda ciwon ido na amosani, cewa mutuwar yara ta ragu a garuruwan da aka raba shi, sai aka tsara gwajin MORDOR a Nijar da Malawi da Tanzaniya, inda ƙuri'a ta raba ƙauyuka sama da 1,500 maimakon ɗaiɗaikun mutane, ana ba yara 'yan wata 1 zuwa 59 maganin ko na bogi sau biyu a shekara. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna ragin mutuwa na kashi 13.5 cikin 100 a jimlace, amma kashi 18.1 ne a jihar Dosso ta Nijar, 5.7 a Malawi, 3.4 a Tanzaniya, abin da ke nuna cewa ko amsar ƙuri'a tana da iyakar wurin da take aiki. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawararta ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11, a yankunan Afirka kudu da Sahara da mutuwar jarirai ta haura 60 cikin 1,000 ko ta 'yan ƙasa da shekara biyar ta haura 80, ta kuma gindaya sharaɗin a riƙa bibiyar adadin mace-mace da bijirewar ƙwayoyin cuta ga maganin. Wannan bibiya aikin sa-ido ce ta shekaru masu yawa, kuma ba za ta yiwu ba sai da rajistar haihuwa da mutuwa da ake cikewa a kowane ƙauye, da ɗakunan gwaje-gwaje masu iya tantance ƙwayar cuta, abubuwan da suka fi ƙaranci a daidai yankunan da aka fi buƙatar maganin.